Fayilolin lauyoyi sun taru a teburina: me zan sakar wa ma'aikata, me zan riƙe?

Shugaban Sashe:
Assalamu alaikum. An ɗora mini shugabancin wani sashe da ke karɓa da tantance takardun lauyoyi masu neman a tabbatar da cancantarsu ta ci gaba da aiki, kuma ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a wannan fage. Da yake ƙa'ida ta wajabta wa lauya a Najeriya ya biya kuɗin aikinsa na shekara kafin 31 ga Maris ta wuce, takardu kan kwararo mana a makonnin ƙarshe fiye da ƙarfinmu. Tsarin da na tarar shi ne kowane fayil sai ya bi ta hannun shugaba, ko da ma'aikaci ya duba bai ga aibu ba, kuma mafi yawan waɗanda suka maƙale saɓanin suna ne ya tsayar da su. Shin wane hukunci ya dace in bar wa ma'aikatana, wanne kuma bai kamata ya bar teburina ba?

Tsohon Magatakarda:
Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya taya ka riƙo. Dokar Lauyoyi da kanta ta nuna maka inda za ka raba aikin. Sashe na 2 ya ce wanda sunansa ke cikin kundin rajista ne kaɗai ke da ikon yin aikin lauya, kuma Babban Magatakardan Kotun Ƙoli ne ke riƙe da kundin. Sashe na 4 kuma ya gindaya wa ɗan ƙasa sharuɗɗa kafin a rantsar da shi a matsayin lauya: shaidar kammala Makarantar Horar da Lauyoyi, da gamsar da majalisar dattawan lauyoyi, wato Benchers, cewa yana da kyakkyawan hali. Shaidar karatu abu ne da ake gani a takarda, amma kyawun hali hukunci ne da ke buƙatar nazari. Duk abin da takarda za ta iya amsawa ka sakar wa ma'aikata, abin da ke buƙatar nazari kuma ka riƙe.

Batun suna ya fi ƙarfin a bar shi ga ra'ayin kowane ma'aikaci. Za ka ga mutum ɗaya an rubuta shi Muhammad a takardar digiri, Mohammed a takardar rantsarwa, sannan a rasit ɗin banki an taƙaita sunan tsakiya zuwa harafi ɗaya, an kuma ƙara sunan garinsu a ƙarshe, kamar yadda aka saba yi wa yara tun a firamare. Ba maguɗi ya yi ba, amma ma'aikacin da ba a ba shi rubutacciyar ƙa'ida ba zai ji tsoro ya turo maka. Ka rubuta musu cewa lambar rajistar Kotun Ƙoli da shekarar rantsarwa su ne madogara. Idan sun dace kuma bambancin na haruffa ne kawai, ma'aikaci ya sa hannu ya wuce. Idan an ƙara suna ko an cire, a nemi takardar rantsuwa da sanarwar jarida masu tabbatar da sauyin sunan. Idan lambar ce ba ta dace da sunan ba, nan take fayil ɗin ya zo gare ka, domin ta nan lauyoyin bogi ke shigowa. Sai ka riƙa zaro wasu daga cikin waɗanda aka kammala kana sake dubawa, ba tare da ma'aikaci ya san wanne za ka ɗauka ba.

Lauya daga Kano:
Na yarda da yawancin abin da Baba ya faɗa, sai dai ina ganin bambancin haruffa ma bai kamata a wuce shi ba tare da an sanar da mai shi ba. A shari'ar Okafor da Nweke ta 2007, Kotun Ƙoli ta yi watsi da takardun da aka sa wa hannu da sunan kamfanin lauyoyi, saboda ba shi ne sunan da ke cikin kundi ba, kuma tun daga lokacin abokan hamayya ke bin sunan lauya da ido. Gaskiya ne a shari'ar Yaki da Bagudu ta 2015 kotun ta ce rashin manna hatimin lauya a takardun shari'a abu ne da za a iya gyarawa, amma gyaran yana cin lokacin wanda ake karewa. Roƙona a matsayina na mai kawo takardu shi ne a duba fayil gaba ɗaya a faɗa mini duk abin da ya rage a wasiƙa ɗaya. Lauya mace da ta sauya suna bayan aure ta fi kowa sanin wahalar a ce mata yau kawo wannan, gobe kawo wancan.

Jami'ar Gudanarwa:
Malam, akwai abu biyu da ba na son ka sakar wa kowa. Na farko shi ne kiran waya daga manya masu neman a tsallake layi. Ƙaramin ma'aikaci ba zai iya cewa a'a ga Babban Lauya ba, saboda haka ka sanar cewa ana bin fayiloli bisa ranar shigowarsu, kuma duk wanda aka gaggauta sai an rubuta dalili da sa hannunka. Na biyu shi ne fayil ɗin da aka kawo ƙorafi a kan mai shi. Ladabtar da lauya aikin Kwamitin Ladabtar da Lauyoyi ne, ba na sashenka ba, kuma riƙe takardar mutum saboda jita-jita hukunci ne ba tare da an saurare shi ba, abin da ya saɓa wa ruhin sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki na 1999. Ka tambayi kwamitin a rubuce ko akwai umarnin dakatarwa ko na soke suna, idan babu kuma ka ci gaba da aikinka.

Shugaban Sashe:
Na gode ƙwarai. Zan ɗauki matakai ukun da Baba ya zayyana, tare da gyaran Barista cewa ko bambancin haruffa ne a rubuta wa mai shi ya sani. Hajiya, idan amsar kwamitin ta yi jinkiri har wa'adin ya gabato, shin a saki takardar ne da sharaɗi, ko a sanar da lauyan dalilin jinkirin a jira?