Furen okid da kashe bakteriya: abin da tattaunawar ta tsayar

A wata tattaunawa da aka yi kan ko furen okid yana kashe bakteriya, an daɗe ana ja-in-ja kafin a yarda cewa okid ba furen ado kawai ba ne. Masu maganin gargajiya na Sin sun jima suna amfani da shi: saiwar wani nau'in okid mai suna Bletilla striata, wadda suke kira baiji, ana busar da ita a niƙa don tsayar da jini, saiwar wani nau'in kuma, Gastrodia elata, ta ciwon kai ce da jiri. Ita ma vanila ɗin da ake sa wa kek 'yar gidan okid ce.

Inda aka fi tsayawa shi ne maganar bakteriya. Gaskiya ne ruwan da aka tatso daga baiji yana hana bakteriyar da ake kira Staphylococcus aureus yaɗuwa a ɗakin gwaji. Za ka ga faranti cike da ƙwayoyin, amma kewayen ɗigon ruwan fes, babu komai. Sai dai faranti daban, jikin mutum daban. Shawarar da kowa ya amince da ita, ni ma ita na fi riƙewa, ita ce kada mai gyambo ko zazzaɓi ya ajiye maganin da likita ya rubuta masa ya koma shan jiƙon okid.

An kuma ja kunne kan okid ɗin tukunya na ado, domin ana fesa masa maganin ƙwari. Mai juna biyu ta tuntuɓi likita tukuna kafin ta sha maganin okid. Haƙo shi a daji kuwa yana ƙarar da shi, shi ya sa yarjejeniyar CITES, mai kare dabbobi da tsirran daji daga ƙarewa, ta sa ido kan cinikin dangin okid gaba ɗaya tsakanin ƙasashe.