Neman kalmar Hausa: mene ne sunan "honorary consul"?

1/ Malamai da 'yan'uwa masu fassarar labarai, salamu alaikum. Wannan kalma ta daɗe tana cin mini tuwo a ƙwarya. Ƙasar Liechtenstein ce ta sake tado mini da ita, kuma ina ganin na samo abin da za mu tsaya a kai.

2/ Liechtenstein 'yar ƙasa ce a maƙale tsakanin Suwizalan da Ostiriya. Faɗinta murabba'in kilomita 160, mutanenta kusan dubu 40. Jakadun da aka naɗa mata ba a Vaduz, babban birninta, suke zaune ba, akasarinsu suna Bern, babban birnin Suwizalan. Jakadan Amurka a Suwizalan, alal misali, shi ne jakada a Liechtenstein. Sai dai su zo fadar Yarima mai sarautar ƙasar su miƙa takardar kama aiki, su koma. To wa ake samu a cikin ƙasar idan baƙo ya shiga matsala? Waɗannan mutanen da muke nema wa suna.

3/ Jakada da ofishin jakadanci ba su da gardama. Kalma ce tamu tun zamanin da hakimi ke zaune a birni yana aika jakadansa ƙauyuka. "Ƙaramin ofishin jakadanci" ma kunne ya saba da shi: na Saudiyya da na Nijar a Kano, namu na Jidda da alhazai suka sani. Ina da ƙorafi a kan "ƙarami", don bambancin na aiki ne, ba na girman gini ba, amma a bar shi.

4/ Wanda nake magana a kai daban ne. Ba ma'aikacin gwamnati ba ne, ba a turo shi daga gida ba. Galibi ɗan gari ne, lauya ko attajiri, yana da sana'arsa. Wata ƙasa ta roƙe shi ya riƙa duba mata mutanenta, ƙasar da yake zaune ta ba shi izini. Albashi babu. Za ka hau bene zuwa ofishinsa na yau da kullum, ka ga ƙaramin allo mai tambarin wata ƙasa a gefen ƙofa, wani lokaci da tuta. Shi ke nan ofishin. Fasfonka ya ɓata, an tsare ka, kana kwance a asibiti ba ka da kowa, ɗan'uwanka ya rasu ana neman yadda za a kai gawa gida: wurinsa za a buga. Yarjejeniyar Vienna ta 1963 ta ware masa babi guda, kuma kariyarsa ba ta wuce abin da ya yi a bakin aiki ba. Ba irin ta jakada ba ce da ke cikin yarjejeniyar 1961.

5/ Na fi jin ana cewa "jakadan girmamawa". Ban yarda da ita ba. Bahaushe ya ji girmamawa, digirin girmamawa zai faɗo masa: a sa maka riga da hula, a yi hoto, a watse. Shi kuwa wannan aiki yake yi, har da tsakar dare.

6/ "Jakadan sa-kai" ta fi kusa, sai dai yanzu 'yan sa-kai na nufin wani abu dabam a kunnen mutanenmu.

7/ Shawarata: fatoma. Duk wanda ya taso kusa da zango ko kara ya san shi. Fatake sun iso da goro ko shanu garin da ba nasu ba, fatoma ne zai sauke su, ya adana kaya, ya nemo mai saye, ya tsaya musu idan rigima ta kai gaban hukuma. Ɗan gari ne, ya san ƙofar kowa, baƙi sun amince da shi, masu gari ma sun amince. Ku sake karanta lamba 4, ku gaya mini abin da ya rage.

8/ Na san abin da Malam zai ce, Allah ya gafarta: fatoma yana cin la'ada, wannan ba ya ci. Gaskiya ne. Amma jakadan hakimi ma haraji yake tarowa, kuma hakan bai hana kalmar ta bi mu har Majalisar Ɗinkin Duniya ba. Mutanenmu na Sudan da Makka suna jin "ƙunsul" daga Larabci, na Nijar suna jin ta Faransanci; fatoma kuwa ba sai an yi wa tsohon falke bayani ba.

9/ Don kada a ɗauka na kasuwa ne, a ce "fatoman ƙasa". A labarai zai fito haka: "Jakadan yana zaune a Bern, amma fatoman ƙasar da ke Vaduz ya ziyarci waɗanda aka kwantar a asibiti." Ku furta da baki ku ji. Masu aikin rediyo, ku nake so ku fara gwada ta.