Wane wata ya fi dacewa da kallon baƙin tsuntsaye a Baturiya?

Sani Kafin Hausa:
Assalamu alaikum. Malamai, ina son kai ɗalibaina fadamar Baturiya da ke Kirikasamma su ga tsuntsayen Turai kafin su koma gida. An ce mini in bari sai Afrilu. Haka ne? Kuma wane irin madubin hangen nesa zan nema?

Malam Ɗanfadama:
Wa alaikumus salam, Malam Sani. Kada ka jira Afrilu. Baƙin suna sauka ne daga Oktoba, su yi hunturu a nan, daga ƙarshen Fabrairu kuma su fara tsallaka Sahara. Agwagin ne ke riga tashi. Ka je tsakanin ƙarshen Fabrairu da tsakiyar Maris: ruwa ya janye, tsuntsayen sun matsu a 'yan tafkunan da suka rage, mazan kuma sun fara sauya gashi, shaida su ya yi sauƙi.

Abu uku za ka nuna wa yara. Ƙaramar agwagwar Turai, wadda namijinta ke da farin zane daga saman ido har ƙeya. Sai masu dogayen ƙafafu da ke sauka garke-garke a gonakin shinkafar da aka girbe suna tsintar ƙwayar da ta zube. Sai wani ɗan ƙarami mai ciki ruwan ɗorawa, yana kaɗa jela, yana bin ƙafar shanu don kama ƙwarin da suka tayar. Ƙiba suke tarawa, da ita za su ƙetare hamada, don haka kada a kora su don a ga tashinsu.

Ku isa bakin ruwa da an sallame Asuba. Ku tsaya gabas da tafkin, rana a bayanku, in ba haka ba baƙar inuwa kawai za ku gani. Daga ƙarfe goma zafi kan sa iska ta yi ta rawa a madubi.

Injiniya Auyo:
Madubi ka nemi 8x42. Takwas ɗin yawan kusantowa ne, 42 kuma faɗin gilashin gaba a milimita. Mai 12 ko 16 rawa yake yi a hannun yaro. Wajen saitawa, a rufe gilashin dama, a murza dabaran tsakiya har hagu ya fito tas, sannan a rufe hagu a murza zoben da ke idon dama. Rashin yin haka ne ke kawo ciwon kai. Ƙurar hunturu kuwa a hure ta tukuna kafin a goge, don goge ta da bakin riga na karce gilashi.

Hajiya Mai Lissafi:
Ƙanena, wurin gandun daji ne na gwamnati, tun 2008 yana cikin jerin Ramsar na fadamu masu muhimmanci a duniya. Ku fara neman izinin ma'aikatan, ku gaida mai unguwa, ya haɗa ku da masuncin da ya san inda kacalla ba ta toshe hanyar kwalekwale ba. Kada yara su shiga ruwan kwance, akwai tsargiya. Wajen ƙirga, a ƙidaya goma da ido, a riƙe girman wannan gungun, a riƙa auna sauran garken da shi. Mutum biyu su ƙirga daban, sannan a gwada.

Malam Ɗanfadama:
Gaskiya ne, Hajiya. In kuma hutun makaranta ya tilasta Afrilu, ba a rasa komai ba: dinya, ƙirinjijiya, zalɓe da balbela 'yan gida ne, shamuwa ma tana isowa daga kudancin Afirka gab da damina. Sai dai yawan ruwan ya danganta da ambaliyar bara da abin da aka sako daga madatsun Tiga da Challawa, don haka ka tambayi mutanen garin wane tafki ne bai ƙafe ba kafin ka ɗauki hayar mota.