Wani Bature mai suna Warren yana so in kai salsalarsa 1066, in karɓi aikin?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum. Ina taɓa aikin bincike ta intanet. Wani mutumin Ingila mai sunan gida Warren yana so in haɗa masa salsala har zuwa William de Warenne, wanda ya yi yaƙin Hastings a 1066 tare da Wiliyam na Normandi, wanda ya ci Ingila. Takardunsa sun tsaya a kan wani kakansa na wajen 1690. Sharaɗinsa shi ne babu biya sai na kai shi 1066. In karɓa a haka? Kuma in sayi littattafan Keats-Rohan guda biyun nan a kan mutanen zamanin Domesday, ko abin da ke intanet ya isa?

Mai Alƙalami: Wa alaikumus salam. Ka buɗe Domesday Book, kundin ƙidayar filaye na 1086. Yana nan kyauta a Open Domesday, kuma za ka ga Warenne da filaye a gundumomi fiye da goma.

Maman Ilham: Malam, ai ba Warenne ne ya ɓace masa ba, shekara 600 ɗin da ke tsakani ne. Ƙanena, daga ƙasa ake hawa. Ka fara da mutumin 1690, ka bi rajistar coci ta baftisma da aure da binnewa. A 1538 aka fara ta, kuma coci da yawa nasu na farkon sun salwanta. Ka haɗa da wasiyyoyi. In gidan manya ne masu tambarin zuriya, akwai rangadin tantance tambura na 1530 zuwa 1688, amma kaka uku ko huɗu na kusa da mai ba da bayanin kawai za ka amince da su, na sama yawanci ƙawa ce. Kafin nan sai binciken gado da ake yi in mai riƙe da filin sarki ya mutu, tun zamanin Henry na Uku, wanda ke faɗin magaji da shekarunsa. Duk mahaɗa ɗaya, takarda ɗaya ta zamaninta mai cewa wane ɗan wane ne. Wanda bai riƙe fili ba, da wuya ka same shi kafin 1538.

Tsohon Malami: Kafin a je ko'ina, gidan nan rami ne. Na ga babi guda na wani ɗalibi ya rushe a zama ɗaya saboda mace ɗaya, Gundrada, matar William de Warenne. Ya rubuta ta 'yar Wiliyam Maci Ingila ce, ya ɗora jinin sarauta a kan duk zuriyar, shafi bayan shafi. Daga ina ya samo? Tsofaffin littattafai da suka dogara da takardun wakafin gidan rahibai na Lewes. Ɗaya ta jabu ce, a ɗayar kuma kalmomin Latin masu nufin "'yata" wani hannu ne ya ƙara su daga baya. Orderic Vitalis, rahibin Saint-Évroult da aka haifa a 1075, ya faɗa ƙarara cewa 'yar'uwar Gerbod ce, mutumin Filandas da ya riƙe Chester. C. T. Clay ya warware maganar tun 1949. Matar ta rasu a Castle Acre a 1085, masu haƙa layin dogo sun tono akwatin dalmarta a Lewes a 1845, amma har yau ba a bar ta ta huta ba, kullum sai an canza mata uba. Aikin wata da watanni ya tafi a banza, kuma waɗanda suka kwafa masa kuskuren ko a jikinsu.

Na Bakin Kasuwa: Ashe Turawa ma suna da nasu Bayajiddan. Mu kowa daga Bagadaza, su kowa daga jirgin 1066. Wane irin kwale-kwale ne wannan da ya kwashe kakan kowa?

Tsohon Malami: Ka yi dariya, amma waɗanda aka tabbatar da sunansu a filin Hastings 15 ne a lissafin Complete Peerage, kundin tarihin gidajen masu sarauta na Birtaniya. Warenne na ciki. Jerin Battle Abbey kuwa, na waɗanda aka ce sun zo tare da Wiliyam, asalinsa ya ɓata, kwafin ƙarni na 16 ne ke yawo. Na cocin Dives-sur-Mer a 1862 aka rubuta shi.

Barau Mai Latin: Ba wanda ya taɓa ainihin matsalar. Zuriyar maza ta babban reshen gidan William, masu sarautar Surrey, ta yanke a 1148, lokacin da jikansa ya mutu a yaƙin 'yan Salibiyya na biyu ya bar 'ya ɗaya, Isabel. A 1164 ta auri Hamelin, ɗan'uban Sarki Henry na Biyu, shi ya ɗauki sunan Warenne. Na ƙarshensu, John, ya mutu a 1347 ba ɗan halak, gadon ya koma gidan FitzAlan na Arundel. Warren na Poynton a Cheshire ta wajen ɗansa na waje suka fito. To ko mutuminka ya dace da Poynton, ta mace zai isa 1066. Sunan Warren kuma wasu sun samo shi daga sunan yanka Warin, wasu daga gandun zomaye, wato warren da Turanci, da kakansu ya zauna kusa da shi.

Na Bakin Kasuwa: Daga jikan basarake an koma jikan mai gadin zomo. Ɗan Fagge, ka karɓi kuɗinka kafin ka faɗa masa.

Mai Alƙalami: Kada ka sayi komai. Medieval Lands na Charles Cawley, shafin salsalar manyan gidajen Turai, kyauta ne, yana kawo nassin Latin ɗin. Complete Peerage ma an saka shi a intanet. Ka caje shi fam 10 a awa.

Maman Ilham: Fam 10 a kan karanta rubutun hannu na ƙarni na 16? Ƙasa da 30 wulaƙanta sana'a ne. Kuma a Complete Peerage, Warenne a ƙarƙashin Surrey yake, juzu'i na 12, ba ya cikin na farkon da ake samu a sauƙaƙe. Littattafan Keats-Rohan ɗin, Domesday People na 1999 da Domesday Descendants na 2002, a 1166 suka tsaya, ba za su cike masa giɓinsa ba.

Mai Alƙalami: Hajiya, ni dai na san mutane na dogara da Cawley.

Barau Mai Latin: Manuni ne, ba hujja ba. Ka bi shi zuwa takardar da ya ambata ka karanta da kanka. Kalmar nepos kaɗai na iya zama jika, ko ɗan ɗan'uwa, ko dangi kawai. Mutum ɗaya na iya fitowa da suna uku: Richard fitz Gilbert shi ne na Bienfaite, shi ne na Tonbridge, shi ne na Clare. Wanda bai iya Latin ba ya yi haƙuri da ba da fatawa a nan.

Mai Alƙalami: Allah ya ba ka haƙuri, Shehin Malami, ba mu san sai da ijaza ake magana ba.

Tsohon Malami: Ku bar wannan. Abin da ke cin rai shi ne bishiyoyin nasaba na intanet. Mutum ya danna maɓalli ya haɗe William biyu saboda suna ɗaya, sai ka ga uwa ta haihu tana shekara 6, wani kuma ya yi aure bayan an binne shi. Ka gyara yau, jibi an mayar da shi, wai ai bishiya ɗari sun faɗa. Ɗarin nan duk daga ɗaya aka kwafo.

Maman Ilham: Ga kwanan wata. Kafin 1752 shekara a Ingila ranar 25 ga Maris take farawa, sai su ga an binne yaro a Fabrairun 1690 alhali an yi masa baftisma a Yunin 1690, su ce yara biyu ne.

Ɗan Fagge: Na gode ƙwarai. To maganar sharaɗin biyan fa, Hajiya? Yanzu ya turo mini wata bishiya da ta kai shi har Rollo, kakan kakannin Wiliyam na Normandi, ya ce tabbatarwa kawai zan yi.

Tsohon Malami: Duba mini, wa aka sa uban Gundrada a ciki?