Yaro na fitsarin jini: ku ba ni shawara kan maganin tsargiya

Baban Yara, Kura: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Ɗana na uku, shekararsa 11, ya ɗan jima idan ya yi fitsari sai jini ya ɗigo a ƙarshe. Ba ya zazzaɓi, yana cin abincinsa, sai dai ya ce wurin yana masa zafi-zafi. Kullum suna cikin kanal ɗin ruwan noman rani shi da abokansa, balle yanzu da ake zafi. Bara an raba maganin tsargiya a makarantarsu, ya sha, ya dawo gida yana jiri da amai, uwarsa ta ce ba zai sake sha ba. Yanzu wani maƙwabcina ya ce in je kemis in sayo irin wancan maganin, in ɗirka masa guda huɗu lokaci ɗaya, magana ta ƙare. Na ce bari in ji ta bakin masu sani tukuna.

Nas Mai Ritaya: Wa alaikumus salam. Don Allah Malam kada ka ba shi huɗun nan. Maganin da ake nufi sunansa praziquantel, kuma da nauyin mutum ake auna shi: miligiram 40 ga kowane kilo ɗaya na jiki, a sha sau ɗaya. Ƙwaya ɗaya miligiram 600 ce. Idan yaronka kilo 30 ne, lissafinsa 1,200, wato ƙwaya biyu. Huɗu rabon babban mutum ne mai kilo 60. Ka ga maƙwabcinka ninki ya faɗa maka.

Kafin ma a kai ga magani, ka kai shi asibitin da ke kusa a gwada fitsarin. Ku je tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin ne ƙwayayen tsutsar suka fi fita a fitsari, kuma ya tara har da ɗigon ƙarshe a cikin kwalbar. A nan za a ɗora shi a sikeli. Yadda ka kwatanta, alamun tsargiya ne sak, amma ba kowane jini a fitsari ne tsargiya ba. Tsakuwar mafitsara na kawo shi, ƙwayoyin cuta a hanyar fitsari ma haka.

Malamar Firamare: Baban Yara, tambaya ɗaya. Ranar da ya sha a makaranta, me ya ci kafin ya fito daga gida?

Baban Yara, Kura: Malama, koko ne kawai, shi ma a tsaye ya kurɓa ya ruga.

Malamar Firamare: To ai shi ke nan. Ina cikin malaman da ake ba aikin rabon a makarantarmu, kuma wannan shi ne abin da muka fi gani. Yaron da ya zo da ɗumamen tuwo a cikinsa, ko shinkafa da wake, ko waina, yawanci sai dai ya ɗan yamutsa fuska saboda ɗaci ya koma aji. Wanda ya zo da cikin wofi shi ne za ka gani ya dafe ciki, ya kwanta a gindin bishiya yana cewa ƙasa na juyawa. Shi ya sa nake aika wa iyaye tun jajibiri cewa gobe a cika wa yara ciki.

Mu ba mu da sikeli, sanda ake ba mu mai layi-layi. Yaro ya cire takalmi da hula, ya jingina bayansa, a duba inda kansa ya tsaya. Daga santimita 94 zuwa 109 ƙwaya ɗaya, daga 125 zuwa 137 biyu, haka yake hawa har biyar ga wanda ya kai 178. Wanda bai kai 94 ba ba ma ba shi, asibiti muke tura uwarsa. Kuma a gabanmu ake haɗiyewa da ruwa, ba a ba yaro ya sa a aljihu ya tafi gida. Kada a tauna, ɗacinsa kaɗai ya isa ya tayar da amai.

Kawu Mai Albasa: Mu dai a zamaninmu ba a ɗauki wannan ciwo ba. Yaro ya fara fitsarin jini sai a ce ya fara zama namiji. Dukanmu mun yi, ga mu da jikoki.

Nas Mai Ritaya: Allah Ya ƙara wa Kawu lafiya. Gaskiya ne haka aka ɗauka a da, kuma har yanzu akwai masu ɗaukar haka. Amma balaga ba ta zuwa da jini a fitsari. Tsutsa ce ke zaune a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, mace da namiji, suna zuba ƙwai shekara da shekaru. Ƙwan yana da ƙaya a gindi, shi ke huda bangon mafitsara ya fito da jini. Wanda bai fito ba ya maƙale a nama, wurin ya yi tabo ya taurare. Idan yaro ya girma jinin kan ragu, sai a ce ya warke, alhali ɓarnar na nan. Wasu sai sun manyanta hanyar fitsari ta toshe, ƙoda ta kumbura, wasu har ciwon dajin mafitsara. Na yi jinyar dattawa irin waɗannan, Kawu, abin ba daɗin gani. Su kuma yara, jinin da ke zuba kaɗan-kaɗan shi ke sa su fari fat, ga kasala, ga rashin gane karatu.

Kawu Mai Albasa: To, Hajiya, kin fi ni sani. Allah Ya kyauta. Jikokina ma can suke yini.

Mai Kemis: Zan ɗan sa baki ta ɓangarenmu. Kusan kullum sai wani ya zo ya ce a ba shi “maganin tsutsa”, a zatonsa duk ɗaya ne. Albendazole da mebendazole na tsutsar hanji ne, ba sa yi wa tsargiya komai. Mutum zai yi ta ba yaro albendazole wata-wata, jini bai tsaya ba, ya ce maganin bature ba ya aiki. Idan asibiti sun rubuta maka praziquantel, ka fara tambaya ko suna da na kyauta, domin kamfanin Merck na Jamus yana ba da shi kyauta ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2007, shi ne wanda ake rabawa a makarantu. In babu sai ka saya, ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kuma ka karɓa a cikin katinsa ko kwalinsa. Wanda ake ƙirgo maka daga leda a tire ranar kasuwa, ka bar musu kayansu.

Uwar Tagwaye: Anti Nas, ni ma kin taɓo min inda ke min ƙaiƙayi. A rafi nake wanki tun ina budurwa. Yanzu ina da ciki wata biyar, kuma na daɗe ina fama da ciwon mara da ƙaiƙayi da ɗigon jini. An sha ba ni maganin sanyi, ya lafa ya dawo. Shin mata ma suna yin tsargiya? Mai ciki tana iya shan maganin?

Nas Mai Ritaya: Ƙanwata, mata suna yi ƙwarai, kuma an fi zaluntarsu da ita, domin ƙwan yana maƙalewa a bakin mahaifa da gaban mace, alamun su yi kama da ciwon sanyi. Mace ta yi ta shan maganin da ba nata ba, wani lokacin har a zarge ta a gidan miji. Ban ce ita ce ke damunki ba. Amma ɗigon jini ga mai ciki ba abin jira ba ne, gobe ki je wurin awo, ki faɗa musu da bakinki cewa a rafi kike wanki, a duba tsargiya. In ba ki faɗa ba, ba kowa zai kawo ta a ransa ba.

Batun magani, ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ta yarda a ba mai ciki bayan wata uku na farko, da mai shayarwa, da yara daga shekara biyu. Duk da haka ba ke za ki saya ki sha ba, mai duba cikinki ne zai auna ya ba ki. Masu shayarwa kuma za ku iya gani a takardar wasu kamfanoni an ce a dakatar da nono na kwana uku. Kada ku yanke wa jariri nono saboda takarda, ku tambayi likita ko ungozoma.

Uwar Tagwaye: Na gode Anti. Gobe in sha Allahu da sassafe.

Direban Tirela: Ni abin da zan ƙara, ga manya masu sha: yana sa jiri da barci. An gaya min kada in taɓa sitiyari ranar da na sha da washegari, kuma da na sha na gane dalili. Masu babur da masu injin casa su lura. A zaɓi ranar hutu.

Makiyayi: Salamu alaikum. Mu a ruga muna da na shanu, manyan ƙwayoyi na tsutsa da kuma ivermectin na allura. Wasu cikinmu kan gutsuri na shanun su sha in ciki ya dame su. Yana da laifi?

Mai Kemis: Yana da laifi babba, ɗan'uwa. An haɗa su ne don dabba mai kilo ɗaruruwa, ba ka da hanyar sanin nawa ka gutsura, kuma abubuwan da aka cuɗa a ciki ba a gwada su a jikin mutum ba. Ivermectin idan ya yi yawa yana kawo amai, rawar jiki, ruɗewa, faɗuwar jini, har suma. Na mutane yana nan, shi ne Mectizan da ake rabawa gida-gida saboda tundurmi da makantar da baƙin ƙudan bakin rafi ke kawowa, kuma kyauta ne tun 1987. Shi ma da sanda ake aunawa. Ba a ba yaron da bai kai santimita 90 ba, ba a ba mai ciki, ba a ba mai jego a makon farko, ba a ba wanda ke kwance da ciwo mai tsanani. Kuma ba ya maganin tsargiya.

Alhaji na Yawunde: Tunda an ambaci Mectizan, ga wata daga nan Kamaru. A kurmin kudu akwai tsutsar da ake kira Loa loa, wadda kan ratsa ta farin ido mutum yana ganinta a madubi. Wanda take da yawa a jininsa, idan ya sha Mectizan yana iya shafar ƙwaƙwalwarsa ya suma, an kuma rasa rayuka ta haka a nan. 'Yan'uwanmu masu fatauci da suka daɗe a kurmin Kamaru ko Gabon ko Kongo, idan sun koma gida an zo rabo, su faɗa wa mai rabon inda suka zauna, a gwada jini tukuna.

Baban Yara, Kura: Na fahimta, Allah Ya saka. To idan an ba shi ya sha, shi ke nan ya rabu da ita?

Nas Mai Ritaya: Yawanci ya rabu da mafi yawan manyan tsutsotsin da ke jikinsa a ranar. Ƙananan da suka shiga cikin 'yan makonnin nan maganin ba ya kama su sosai, shi ya sa likita kan ce a maimaita bayan wasu makonni, ko a dawo a sake gwajin fitsari. Jinin ma ba lallai ya ɗauke washegari ba, sai raunin ya warke. Idan ya yi amai jim kaɗan da sha, kada ka ƙara masa da kanka, ka koma ka faɗa musu bayan minti nawa ne, da ko kun ga ƙwayar a ciki. Ciwon ciki, ciwon kai, jiri da ɗan ƙaiƙayi sukan wuce cikin yini ɗaya, kuma sun fi tsanani ga mai tsutsa da yawa, wataƙila har da wannan a abin da ya same shi bara. Amma in fuska ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya, ko ya yi jijjiga, asibiti nan take.

Sannan maganin ba riga-kafi ba ne. Ya koma kanal, ta koma jikinsa.

Kawu Mai Albasa: Nan fa ɗaya. Tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974 ruwan nan ne abincinmu, daga Kadawa har Bunkure da Garun Malam. Wa zai dasa shinkafa bai taka ruwa ba?

Malamar Firamare: Ba wanda zai ce a bar noma, Kawu. Amma wankan yara daban, aikin gona daban. Cutar ta fata take shiga. Mai ita ya yi fitsari a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe ya shiga ƙaramin dodon koɗin nan da ke manne da ciyawar gefen kanal, ya hayayyafa a cikinsa, ya fito ya huda fatar wanda ya shigo. In an ɗebo ruwan an ajiye shi a duro kwana biyu ba dodon koɗi a ciki, abin ya mutu, a yi wanka da shi lafiya. Manoma su sa dogon takalmin roba in da hali. A kuma hana yara fitsari a ruwa, wannan kam daga gida ake koyar da shi. Wanda ba makawa sai ya shiga, kada rabon shekara ya wuce shi, har almajirai da yaran da ba sa zuwa boko, don su ne aka fi mantawa.

Ɗalibin Kiwon Lafiya: Akwai abu ɗaya da ban ga an ambata ba. Duk wanda ke shan maganin tarin fuka ya faɗa kafin a ba shi praziquantel. Rifampicin da ke ciki yana sa hanta ta narkar da praziquantel da sauri, har ya zama kamar ba a sha ba. Magungunan farfaɗiya irin su carbamazepine da phenytoin da phenobarbital ma suna rage masa ƙarfi, kuma mai farfaɗiya dama ba a ba shi a layin rabo, sai likita ya gan shi.

Direban Tirela: Ƙanena yana kan na tarin fuka, wata na uku. Shi ma fitsarinsa ja yake fita. Ya dakatar da na tarin ne ya sha wannan?

Ɗalibin Kiwon Lafiya: A'a Yaya, kada ya tsallake ko kwana ɗaya, tsayar da shi ne ke sa tarin ya ƙi jin magani. Rifampicin da kansa yana rina fitsari da gumi da hawaye su koma ja-ja kamar ruwan lemo, ba jini ba ne. Ranar da zai je karɓar magani ya nemi a gwada fitsarin, tsinken gwaji ake tsomawa, nan take za a san ko da jini a ciki. In an samu tsargiya, masu ba shi maganin tarin ne za su tsara lokacin da zai sha.