Ƙanena ya faɗo daga kan motar albasa, bai suma ba amma ya canza

Mai tambaya daga Agege:
Assalamu alaikum. Ƙanena yana dako a kasuwar Mile 12 da ke Legas, kuma shekaranjiya da safe ya zame daga kan motar albasa, ƙeyarsa ta bugi ƙasa. Bai suma ba, jini kuma bai fita ba, saboda haka abokan aikinsa suka zuba masa ruwa a ka, ya ci gaba da sauke kaya. Tun daren ranar yake fama da ciwon kai da jiri, haske yana damun idonsa, kuma sau uku yana tambayata ko ya yi sallar la'asar. Yana son komawa kasuwa gobe don kada a ba wani gurbinsa. Ina neman shawararku.

Ma'aikaciyar jinya daga Idi-Araba:
Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya ba shi lafiya. Abin da ka bayyana ya yi kama da girgizar ƙwaƙwalwa, wato ƙwaƙwalwa ta motsu a cikin ƙoƙon kai sakamakon bugun, kuma mafi yawan waɗanda hakan ke samu ba sa suma, shi ya sa ake raina abin. Maimaita tambaya ɗaya shi ne ya fi ɗaga mini hankali, don haka ka kai shi asibiti yau, ko asibitin koyarwa na LASUTH da ke Ikeja tunda ya fi kusa da ku, ko na LUTH a nan wajenmu. Idan ya fara amai a kai a kai, ko ciwon kan yana ƙaruwa, ko maganarsa ta sarƙe, ko ɓari ɗaya na jikinsa ya rasa ƙarfi, ko ruwa yana fita ta hanci ko kunne, ko ya yi jijjiga, ko tashinsa daga barci ya yi wuya, to kada a jira gari ya waye, a kira lambar gaggawa ta 112 ko 767, domin waɗannan alamu suna iya nuna jini yana taruwa a cikin kai. Kafin likita ya gan shi, farasitamol kaɗai zai sha, ban da asfirin da ibufurofen, saboda suna iya ƙara zubar jini.

Tsohon ɗan acaba:
Yaya, ni ma na faɗi shekarun baya. An ɗauki hoton kaina aka ce babu jini, sai na ɗauka na warke, na koma kan mashin washegari, amma jiri ya bi ni fiye da wata guda. Daga baya likita ya bayyana mini cewa abin da hoton yake nema shi ne jini da karayar ƙashi, girgizar ba ta cika fitowa a cikinsa ba. Ina roƙonka kada ka bar shi ya ɗora buhu a kan da bai warke ba, domin bugu na biyu kafin na farko ya warke ya fi haɗari.

Ma'aikaciyar jinya:
Gaskiya ya faɗa. Ya huta kwana ɗaya zuwa biyu, ya rage kallon waya, ya yi barcinsa amma da mai leƙa shi. Bayan haka ya fara 'yar tafiya a unguwa, idan ciwon kan ya taso ya dakata. Manya galibi sukan samu sauƙi cikin mako biyu zuwa huɗu, dako kuwa sai likita ya amince.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Na yi magana da shugaban 'yan dakonsu, ya ce zai riƙe masa gurbinsa, kuma yanzu muke shirin tafiya Ikeja.