Shin ana barin baƙo ya zagaya Venis da tafkinta a kan allon da ake tuƙawa a tsaye?

Abu Safwan ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina shirin zuwa birnin Venis na ƙasar Italiya a farkon watan Yuni, kuma ina da niyyar tafiya da allona irin wanda ake hura wa iska, mutum ya tsaya a kansa yana tuƙi da filafili guda ɗaya. Na saba da tuƙinsa a ruwa mai kwanciya, amma ban taɓa shiga ruwan da ke cikowa yana janyewa ba. Burina shi ne in bi ƙananan hanyoyin ruwan da ke ratsa tsakanin gidaje, in wuce ta ƙarƙashin gadar Rialto, daga baya kuma in fita tafkin da ya kewaye birnin har in kai tsibirin Burano. Ina neman wanda ya san wurin ya faɗa mini ko doka ta yarda da haka, kuma ko mai ƙwarewa irin tawa zai iya yin wannan tafiya shi kaɗai.

Malam Ɗantani ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Abu Safwan. Batun gadar Rialto dai ka cire shi daga lissafi. Gadar tana kan Canal Grande, babbar hanyar ruwan da ta raba birnin biyu mai tsawon kusan kilomita 4, kuma a shekarar 2018 hukumar birnin ta tsaurara dokar da ta hana allon tuƙi a tsaye da ƙananan kwalekwalen wasa bin wannan hanya da wasu manyan hanyoyin da ke haɗe da ita. Sauran ƙananan hanyoyin su ma akwai sharuɗɗa a kansu na lokaci da na wanda aka yarje wa, kuma ana yi wa dokokin gyara daga lokaci zuwa lokaci, saboda haka dole ne ka karanta sanarwar hukumar birnin mai aiki a lokacin tafiyarka kafin ka hura allonka. Mahukuntan ba sa wasa da wannan al'amari. A watan Agustan 2022 wasu baƙi biyu suka ratsa Canal Grande a kan alluna masu inji, magajin garin na lokacin, Luigi Brugnaro, ya fito fili ya yi tir da su, aka gano su, aka ƙwace allunan, aka ci kowannensu tarar Yuro 1,500.

Ni a ganina dokar tana kan gaskiya, ko da yake na san masu wannan wasa da dama suna jin haushinta. A tsohon birnin Venis babu mota, saboda haka duk abin da titi ke ɗauka a wani gari, ruwa ne ke ɗaukarsa a nan: jiragen haya da ake kira vaporetto, jiragen asibiti, na 'yan kwana-kwana, na kwashe shara, na kai kayan abinci da siminti, har da na ɗaukar gawa zuwa maƙabartar tsibirin San Michele. Mai allo a tsakiyar wannan zirga-zirga kamar mai keke ne da ya hau babbar hanyar tireloli. Ƙananan hanyoyin kuma suna da kwana mai kaifi wadda ba a ganin abin da ke bayanta, shi ya sa matuƙan gondola, wato dogon kwalekwalen gargajiya na Venis, ke ɗaga murya kafin su karya kwana. Gondola tana da tsawon kusan mita 11, filafilinta yana gefen dama, don haka a ƙuntatattun wurare masu tuƙi da hannu sukan riƙe hagu, abin da ke rikita baƙon da ya saba da riƙe dama. Ga kuma igiyar ruwan da jirage masu inji ke tayarwa, wadda ba ta da inda za ta baje, sai ta bugi bango ta dawo ta haɗu da wata, ta yadda allon zai riƙa rawa ta kowane ɓangare a lokaci guda.

Idan ka faɗa ciki, matsalar ta wuce jiƙewa. Yawancin tsohon birnin ba shi da tsarin bututun kwashe ƙazanta irin na zamani, ya dogara ne da tankunan tace ƙazanta da kuma cikowa da janyewar ruwan teku wajen wanke hanyoyin. An haramta iyo a cikinsu, kuma matakalan dutsen da ke bakin ruwa suna da gansakuka mai santsi wadda ke sa fitowa ta yi wuya.

Maman Ilham ta amsa:

Malam Ɗantani ya gama magana game da cikin gari. Ni zan tsaya ne a kan tafkin, domin a can ne allonka zai yi maka amfanin da babu jirgin haya da zai yi maka. Faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 550, kuma idan ka bar hanyoyin da aka yashe domin jirage, zurfin mafi yawansa bai wuce mita ɗaya ba, a wasu wuraren ma bai kai gwiwa ba. Jirgi mai inji ba ya iya barin hanyarsa, wadda aka yi wa alama da manyan turakun katako da ake kafawa uku-uku a haɗe, ana kiransu bricole. Kai kuwa za ka iya bin wajen layin turakun, inda ruwan ya yi wa jirage ƙaranci, ka shiga tsakanin fadamun gishirin da ke arewacin tafkin. A nan ake ganin zalɓe da balbela, kuma a shekarun baya-bayan nan tsuntsayen filamingo sun yawaita a wannan yanki. Abin da ake roƙo shi ne kada a sauka a tattake waɗannan fadamu, domin lokacin bazara tsuntsaye suna ƙwai a cikinsu, kuma igiyar jirage ta riga ta cinye musu gefe ƙwarai.

Shawarar da ba zan ba ka ba ita ce tasowa daga Venis kai tsaye zuwa Burano. Tazarar ta kai kimanin kilomita 7, kuma farkonta shi ne mafi muni, domin ruwan da ke tsakanin Fondamente Nove, wato gaɓar arewacin birnin, da tsibiran San Michele da Murano yana cike da jiragen haya da tasi-tasin ruwa masu zuwa filin jirgin saman Marco Polo da gudu. Ya fi maka sauƙi ka bar allon a naɗe cikin jakarsa, ka shiga vaporetto mai lamba 12 daga Fondamente Nove, wanda ke kai mutum tsibiran Mazzorbo da Burano cikin kamar minti 45, sannan ka hura allon a can. Ka dai tambayi masu sayar da tikiti game da ƙa'idar manyan jakunkuna. Daga Mazzorbo, tsibirin Torcello yana kusa ƙwarai, kuma hasumiyar tsohuwar majami'arsa, majami'ar da aka kafa harsashinta a shekarar 639, za ta zame maka alamar gane hanya duk inda ka juya a cikin fadamun. Wanda yake da mota kuma zai iya bi ta Cavallino-Treporti ya shiga ruwa a wajen Lio Piccolo, inda hayaniyar jirage ta fi ƙaranci. Tsibiran Vignole da Sant'Erasmo, inda ake noman kayan lambun da ake kaiwa kasuwar Rialto, su ma suna da gefuna masu kwanciyar ruwa.

Abin da ya fi komai muhimmanci ga wanda ya saba da ruwa mai tsayuwa shi ne jadawalin cikowa da janyewa. Tafkin yana haɗe da tekun Adriyatik ta ƙofofi uku, wato Lido da Malamocco da Chioggia, kuma ruwa yana shigowa na kimanin awa shida, ya fita na kimanin awa shida. A kwanakin tsayuwar wata da cikarsa bambancin yakan kusanci mita ɗaya, a kwanakin da wata yake rabi kuwa ruwan ba ya motsi sosai. A tafkin da zurfinsa bai wuce mita ɗaya ba, wannan yana nufin wurin da ka ratsa da hantsi zai iya zama fili na laka da azahar, laka mai laushi wadda ƙafa ke nutsewa a ciki, ga kuma ɓawon kawa mai yanka. Saboda haka ka shiga fadama lokacin da ruwa ke cikowa, ka fito kafin ya yi nisa da janyewa. Hukumar birnin tana da cibiyar hasashen ruwa mai fitar da jadawalin kowace rana a intanet, kuma duba shi ba ya cin minti biyu. Kada kuma ka kusanci ƙofofin nan uku, domin a nan ruwan ke gudu da ƙarfi, a nan manyan jirage ke wucewa, kuma a nan aka kafa ƙofofin ƙarfe 78 na tsarin MOSE da aka fara ɗagawa a watan Oktoban 2020 domin tare ambaliya.

Iska ita ce ta biyu. Mutumin da ke tsaye a kan allo jikinsa ne ke tare iska, kuma a tafkin babu tudu ko daji da zai kare shi. A watan Yuni safiya takan yi lumana, bayan azahar sai iskar teku ta taso daga kudu maso gabas, wani lokaci har da hadari mai tsawa da ke haɗuwa cikin gaggawa. Idan hasashe ya ambaci bora, wato iskar arewa maso gabas, ka haƙura da ruwa a wannan rana. Ka fita da sassafe, ka fara tuƙi kana fuskantar iska domin ta turo ka a hanyar dawowa lokacin da ka gaji.

Baban Khalil ya amsa:

Na yarda da bayanin Hajiya Maman Ilham, amma ina ganin an yi saurin sallamar burin Malam Abu Safwan na farko. Venis gari ne da aka gina domin a shige shi ta ruwa. Fuskar manyan gidajen tana kallon ruwa ne, ƙofar da ke kan lungu ita ce ta baya, kuma wanda ya zagaya da ƙafa kaɗai ya ga bayan gidajen ne. A daidai saman ruwa ne mutum ke ganin layin farin dutsen Istria da aka shimfiɗa domin ya hana gishiri hawa cikin jan bulo, ya ga inda ruwa ya haura wannan layi yana cin bangon, ya ga tsofaffin ƙofofin da matakalansu suka nutse. Wannan ba abin da za a ce a manta da shi ba ne don kawai an hana allo.

Hanyar da ta dace ita ce ya koyi tuƙin mutanen garin, wanda suke kira voga alla veneta. Su ma a tsaye suke tuƙi, suna fuskantar gaba, sai dai filafilin yana jingine a kan wani katako mai lanƙwasa da ake kira forcola, kuma turawa ake yi maimakon ja. Akwai ƙungiyoyin tuƙi da ke koyar da baƙi a cikin kwalekwale mai faɗin ciki, galibi a unguwar Cannaregio inda hanyoyin suka fi faɗi da sauƙin zirga-zirga, tare da malamin da ya san dokar kowace kwana. Wanda ya saba tsayuwa a kan allo ya riga ya sami rabin karatun, tunda ƙafafunsa sun san yadda ake karɓar motsin ruwa. Mutanen garin kuma suna kallon mai koyon wannan tuƙi da ido dabam, domin su kansu sun daɗe suna faɗa da ɓarnar jirage masu inji. Taron Vogalonga, wanda ake tuƙin kimanin kilomita 30 a cikinsa tun daga 1975, an fara shi ne a matsayin nuna rashin amincewa da igiyar da injuna ke tayarwa tana cin harsashin gidaje.

Inda na saɓa da Hajiya shi ne batun fita shi kaɗai, wanda ba ta hana ba. Fadamun arewa suna kama da juna ƙwarai, kuma ƙananan rafukan da ke cikinsu da yawa ba sa ɓullewa ko'ina. Fitar farko ya kamata ta kasance tare da ɗan jagora mai izini.

Abu Safwan ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na janye batun Rialto, kuma zan nemi masu koyar da tuƙin gargajiyar domin cikin gari. Saura tambaya ɗaya game da kayan aiki: na saba ɗaura igiyar allo a idon sawu, kuma fiffiken da ke ƙarƙashin allona dogo ne. Shin za su dace da wannan ruwa?

Maman Ilham ta sake amsawa:

Amin, Malam. Dogon fiffike zai riƙa kama laka da ciyawar ruwa, kuma idan ya caki ƙasa kana cikin tafiya allon zai tsaya cak ya wurga ka gaba, don haka ka nemi gajere mai lanƙwasa irin wanda ake amfani da shi a rafi. Igiyar idon sawu kuma tana da haɗari a inda ruwa ke gudu tsakanin turaku, domin idan allo ya bi ta wani gefen turke kai ka bi ta ɗayan, ruwan zai danne ka kuma hannunka ba zai kai ga ƙafarka ba. Wadda ake ɗaurawa a ƙugu mai maɓallin saurin kuncewa ita ta fi dacewa. Ka sa rigar ceto da takalmin ruwa mai ƙarfin tafi saboda ɓawon kawa, ka riƙe ruwan sha isasshe domin na tafkin gishiri ne, ka kuma tanadi maganin sauro idan za ka kai yamma a fadama. Wayarka ta kasance cikin jaka marar shigar ruwa a jikinka, kada ka ɗaure ta a kan allon. Lambar masu gadin gaɓar teku a Italiya ita ce 1530, ta gaggawa kuma 112. Duk lokacin da ya zama dole ka tsallaka hanyar jirage, ka durƙusa a kan gwiwa, ka jira ta yi sarari, ka ratsa ta a miƙe ta inda ta fi ƙunci. Game da ɗan jagora kuwa, Baban Khalil ya fi ni gaskiya, musamman idan ranar da za ka fita ta zo daidai da cikar wata.